Kwamfutar Da Abuja Ta Yi Wa Ritaya, Duvu Ta Ba Ta Aiki

Shekara huɗu ke nan da ofishin da nake aiki a lokacin ya yi gwanjon tsofaffin kayansa: kujerun da ƙafafunsu suka karye, na'urorin sanyaya ɗaki da suka daina sanyi, da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka da suka daɗe jibge a sito ƙura na cin su. Na sayi ɗaya a kan kuɗin da bai kai na cefanen mako guda ba, na ba direban motar Mubi ya kai wa ɗan ƙanwata, malamin firamare a Duvu. Duk wanda ya yi aiki a Abuja ya san wannan hanya. Abin da birni ya gaji da shi ƙauye ake tura wa, tun daga tsohuwar mota har zuwa tsohuwar waya.

Duvu tana cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, a ƙasar Gude, kusa da duwatsun Mandara da suka raba mu da Kamaru. A kundin hukumar zaɓe, ita da Chaba da Girburum mazaɓa ɗaya ce. A can kwamfutar ta sami aikin da ba ta taɓa samu ba a Abuja. Da ita ake buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango, da takardun neman aiki, da katin gayyatar aure, da lissafin adashin wata ƙungiyar mata. Da sola ake cajinta. Ta tafi ɗauke da Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2009, ya kuma janye hannunsa daga kanta ranar 14 ga Janairu, 2020. Wato tun kafin ta bar sito, a idon waɗanda suka yi manhajar, gawa ce.

Maganar ba ta tsaya kan kwamfuta ɗaya ba. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 10 ma ta bi sahu, kuma ita ce ke kan tebura masu ɗimbin yawa a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Nan da 'yan shekaru waɗannan kwamfutoci za su fito gwanjo, ko a raba su a matsayin tallafi, su kama hanyar garuruwa irin su Duvu. Waɗanda za su sa hannu a takardun fitar da su, da waɗanda za su rubuta sharuɗɗan sayen sababbi, da masu tsara wa mai gida ayyukan mazaɓa, su ne masu karanta wannan shafi.

Me ake nufi da mutuwar manhaja?

Kowace kwamfuta, da kowace wayar zamani, tana da uwar manhaja. Ita ce ke tashi da farko idan an kunna na'ura, ita ke raba aiki tsakanin allo da madannai da rumbun ajiya, kuma a kanta sauran manhajoji ke zama kamar 'yan haya a gida. Windows uwar manhaja ce, haka Android, haka macOS ta kamfanin Apple. Idan aka ce wata ta mutu, kwamfutar da ke ɗauke da ita tana ci gaba da kunnuwa kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne faci. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma kullum masu kutse suna laluben sabuwar kafa. Muddin kamfani yana kula da kayansa, duk kafar da aka gano zai aiko da facinta ta intanet. Ranar da ya janye hannu, duk ɓarakar da aka gano daga baya haka za ta zauna a buɗe.

Windows XP, wadda da yawanmu da ita muka koyi riƙe linzamin kwamfuta, ta fito a 2001, aka daina yi mata faci ranar 8 ga Afrilu, 2014. A Mubi ba na jin akwai wanda ya sami sukunin damuwa da wannan rana. Tun watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, har aka katse layukan waya na tsawon makonni. A ƙarshen Oktoban 2014 kuwa garin ya faɗa hannun Boko Haram, mutane suka watse, wasu Yola, wasu ta kan dutse zuwa Kamaru, sai a watan Nuwamba aka ƙwato shi. Mutumin da ya dawo ya tarar da shagonsa a fashe, idan ya yi sa'ar samun tsohuwar kwamfuta mai kunnuwa, ba zai tsaya tambayar ko Microsoft na yi mata faci ba. Da babu gara ba daɗi.

Kuma riƙon tsohuwar manhaja ba alamar ƙauyanci ba ce, ko da yake a ofisoshinmu haka ake kallonsa. Tsarin katin shiga jirgin ƙasa na birnin New York ya shafe shekaru masu yawa yana tafiya a kan OS/2, uwar manhajar da kamfanin IBM ya daina kula da ita tun ƙarshen 2006. Gwamnatin Japan sai a tsakiyar 2024 ta kammala soke dokokin da ke tilasta miƙa takardu a kan faifan fulofi, wanda yaran yanzu ba su ma taɓa gani ba. Dalilinsu ɗaya da na malamin Duvu: abin yana aiki, an san halinsa, kuma sauya shi kuɗi ne da wahala.

Haɗarin yana ga ƙofar da aka bar wa na'urar. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kimanin 19,000. An yi ta ɗora laifin a kan Windows XP, har Microsoft ya karya ƙa'idarsa ya fitar mata da faci na musamman. Amma da ƙura ta lafa, sai aka ga mafi yawan kwamfutocin da abin ya kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana da ranta, kuma facin wannan ɓaraka yana nan tun watan Maris, ba a dai manna shi ba ne. Wannan ya kamata ya tsaya wa ma'aikacin gwamnati a rai. Kwamfutar da ke Duvu, wadda ba ta hawa intanet sai jefi-jefi, ta fi zama lafiya a kan wadda ke sakatariya a Abuja, a jone dare da rana, ana shiga IPPIS ko GIFMIS da ita, an kuma kashe mata sabuntawa don kada ta cinye data ko ta ɓata wa mutum lokaci da safe.

Ƙofa biyu

Duk da haka kwamfutar Duvu ba ta tsira ba, domin tana da ƙofa biyu. Ta farko filash ce. Babu firinta a gidan, sai an ɗora aiki a filash an kai shagon buga takardu a Mubi. Wata rana filash ɗin ta dawo da baƙo. Duk fayilolin da ke cikinta suka ɓace, aka bar hotunansu kawai, ka danna babu abin da zai buɗe. Mako guda ya rage a fara jarrabawa. Ya kira ni da daddare, muryarsa a sanyaye: "Kawu, aikin wata guda ya tafi." Allah ya taimaka fayilolin ɓoye su aka yi, ba a goge su ba, wani mai gyara ya fito da su washegari. Amma ƙwayar ta riga ta shiga kwamfutar, kuma duk filash ɗin da aka soka mata sai ta ɗauka ta kai gaba.

Ƙofa ta biyu ta fi ciwo, domin ita rufewa ta yi. Manhajar Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023. Sannu a hankali shafuka suka fara ƙin buɗewa daidai. Yau kuwa neman aikin gwamnati, da rajistar jarrabawa, da neman gurbin karatu, duk ta shafin intanet ake yi, kuma masu gina waɗannan shafuka a Abuja da Legas a kan sababbin na'urori suke gwada su. Yaron da ya zo a cike masa fom ranar ƙarshe, shafi ya tsaya cak a wurin ɗora hoto, shi ya san ma'anar mutuwar manhaja fiye da injiniya.

Mai gyaran da ke kasuwar Mubi ya yi abin da ya saba: ya ɗora mata Windows 10 ta bayan fage, ya karɓi kuɗinsa. Kwamfutar ta koma kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi, kafin ta gama tashi ka sha shayi. Windows 11 kuwa ba a ma maganarta. Tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta wajajen 2018 zuwa sama, abin da yawancin kwamfutocin gwanjo ba su da shi. Ga hukumar da ta nace sai ta ci gaba da Windows 10, Microsoft yana sayar da ƙarin wa'adin faci: dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, kuma shekara uku ne iyaka. Duk mai tsara kasafin ma'aikata yana iya lissafa wannan da yawan teburan da ke hawansu.

Mun taɓa bin ɗaya hanyar

Akwai iyayen manhaja da ba su da suna a kasuwa. Wanda ya taɓa sayen sabuwar kwamfuta mai araha ya kunna ya ga baƙin allo da 'yan rubuce-rubuce, ya haɗu da FreeDOS, jikar tsohuwar DOS, wadda kamfanoni ke ɗorawa don kauce wa kuɗin lasisi. Akwai Haiku da ReactOS, waɗanda masu sha'awa ke renonsu don nishaɗi, kuma babu wanda zai ba su amanar takardun ofis. Wadda ta isa a yi maganarta ita ce Linux. Kyauta ce, kowa yana da damar duba cikinta ya gyara, kuma tana da zuriya da yawa, ciki har da Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004. Wanda ke riƙe da Tecno ko Infinix ma yana yawo da ita a aljihu bai sani ba, domin a kan ginshiƙinta aka gina Android.

Abin da aka manta shi ne Najeriya ta gwada wannan hanya fiye da sau ɗaya, kuma a nan Abuja aka fara. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima, a gefen birni, ƙananan kwamfutoci kore da fari na shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta daga Amurka. Linux ce a cikinsu, da wata fuska ta yara mai suna Sugar. An yi ta maganar gwamnati za ta sayi miliyan guda. Ba a saya ba. Gwamnati ta sauya, sannan wani kamfani mai suna Lancor ya maka shirin a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi madannansa na rubuta harsunan Najeriya.

A wannan shekarar dai aka ƙulla cinikin kwamfutocin Classmate na kamfanin Intel guda 17,000 don makarantun ƙasar nan, ɗauke da Mandriva, wata Linux ta Faransa. Cinikin ya jawo ƙura har ƙetare, domin shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana ƙorafin cewa an shirya goge manhajarsu a ɗora Windows bayan an sauke kaya. Shi kansa kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Muna ma da tamu ta gida, Wazobia Linux, wadda kamfanin Leapsoft ya fitar da Hausa da Yarabanci da Ibo. Yau sai ka sha wahala kafin ka sami wanda ya tuna sunanta.

Gwaji mafi girma shi ne wanda ya isa har Duvu. Lokacin da Farfesa Attahiru Jega ya karɓi hukumar zaɓe a 2010, aka sayo na'urorin rajista 132,000, aka tsara kowace rumfar zaɓe ta sami ɗaya. Kowace na'ura kwamfutar tafi-da-gidanka ce da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da firinta, manhajar rajistar kuma a kan Linux aka gina ta. An fara aiki ranar 15 ga Janairu, 2011, hannun 'yan hidimar ƙasa. Kwanakin farko an sha fama, na'ura tana ƙin karɓar yatsun mutane, layi yana tsawo, har aka gyara manhajar aka ƙara kwanaki. A ƙarshe an yi wa mutane kimanin miliyan 73 da rabi rajista. Dattijon da ya dangwala yatsa a Duvu a wannan shekara ya yi mu'amala da Linux tun kafin yawancin daraktocin Abuja su ji sunanta.

Idan aka jera waɗannan gwaje-gwaje, a ganina abu ɗaya ne ya raba wanda ya yi nasara da waɗanda suka shiririce. Hukumar zaɓe tana da aiki ɗaya tak da take so na'ura ta yi, tana da injiniyoyinta, kuma da matsala ta taso akwai wanda za a kira. Kwamfutocin makarantu kuwa an raba su an ɗauki hoto an watse. Batir ya mutu, caja ta ƙone, malamin da aka horar aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Manhajar ba ta gaza ba. Mai kula da ita ne babu.

Yadda ta kaya a Duvu

Wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, abokin ɗan ƙanwar tawa, shi ya ba da shawarar a goge komai a ɗora Linux Mint, mai sauƙin nauyi. Na yi jinkirin amincewa, don na san idan ta watse ni za a kira. Amma kwamfutar ta farfaɗo. Tana tashi da wuri, shafukan da suka ƙi buɗewa suna buɗewa, ƙwayar da ke bin filash ba ta da wurin zama a cikinta, kuma wannan zubin yana da faci har 2029.

Sai dai kada a ɗauka an gama. CorelDRAW, wadda ita ce jarin duk mai buga katin biki a Arewa, ba ta hawa Linux. Akwai madadinta, amma hannu ya riga ya saba, kuma shagon da za a kai aikin a Mubi fayil ɗin Corel yake so. Takardar da aka tsara a LibreOffice wani lokaci takan karkace idan an buɗe ta a Word, teburi ya zame, shafi ɗaya ya koma biyu. Maganin wannan shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai ta, abin da ya ɗauke shi lokaci kafin ya zama masa jiki. Babbar damuwata kuwa ita ce ɗalibin nan zai gama karatu ya tafi. Masu gyara a kasuwa Windows suka iya, kuma duk abin da ba su gane ba maganinsa ɗaya ne a wurinsu, a goge a ɗora wadda suka sani. Tarihin Galadima yana iya maimaita kansa a ɗaki ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi kwamfutar daraja, wato abin da ke cikinta. Masu rubutu da Hausa sun riga kowa ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba mu damar buga ƙ da ɗ da ɓ a lokacin da kwamfuta ba ta san da su ba. Babbar hidima ce, littattafai da jaridu da kundayen digiri sun amfana. Dabarar ita ce an ɗora haruffan masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi na madannai. To, buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da salon, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~angare a maimakon ɓangare. Har yau ana cin karo da irin wannan rubutu a intanet. Wannan kuwa mai sauƙi ne, ana iya gyara shi da haƙuri. Wanda ya fi shi muni shi ne rumbun bayanan da wani ɗan kwangila ya gina wa hukuma shekara goma sha biyar da suka wuce, wanda ba ya buɗewa sai a kan Windows XP, kamfanin ya rufe, kuma kwamfuta ɗaya ce tak a wani lungu ke iya karanta shi. Yanzu da ake tura ma'aikatu su bar takarda su koma kwamfuta, ya kamata a tuna cewa fayil ɗin takarda na zamanin Sardauna har gobe ana karanta shi a gidan adana tarihi na Kaduna, ba ya neman lasisi.

Mun ma ga misalinsa a aljihunmu. Akwai lokacin da mai taimaka wa minista ba ya cika sai da BlackBerry, ana musayar lambar fin kamar katin gaisuwa. Ranar 4 ga Janairu, 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Nokia mai Symbian ta riga ta tafiya, wayoyin Windows ma haka. Duk wanda bai kwashe lambobinsa da saƙonninsa da wuri ba, sun tafi tare da su.

Saboda haka idan takardar aikin mazaɓa ta zo teburinka, an rubuta kwamfuta hamsin ga wata makaranta a mazaɓar Maiha da Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ko wata mai kama da ita, adadin shi ne abu mafi sauƙi a cikinta. Wace uwar manhaja ce a kansu, kuma har zuwa wace shekara take da faci? Lasisin na gaske ne, ko ɗan kwangila zai karɓi kuɗin lasisi ya ɗora ta bayan fage? Wa zai gyara su a Gella ko Mubi, ba sai an jira wani daga Yola ko Abuja ba? Idan Linux aka zaɓa don a tsawaita ran tsofaffin na'urori, wanda a ganina zaɓi ne mai ma'ana ga makarantu, to kuɗin horar da mutum biyu ko uku 'yan garin, waɗanda ba za su tashi ba, ya fi ƙarin kwamfuta goma amfani.

Saura abu ɗaya, kuma da kunya nake faɗinsa. Ranar da kwamfutar ta isa Duvu, ɗan ƙanwata ya kira ya yi godiya, sannan ya ce, "Kawu, akwai wasu takardu a ciki, in goge?" Ashe babu wanda ya share rumbunta kafin gwanjo, ni ma ban duba ba. Akwai jerin sunayen ma'aikata da matakan albashinsu da lambobin asusunsu na banki, da wasiƙun ladabtarwa guda biyu, ɗaya ta mutumin da har yau muke gaisawa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsara yadda ake fitar da kadarorin da aka daina amfani da su, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma ta ɗora wa kowace hukuma alhakin bayanan da ke hannunta. A lokacin gwanjon namu ta biyun ba ta zo ba. Kwamfutocin da aka sayar a ranar sun haura goma, kuma tawa kaɗai na san inda ta tafi.